Sunan Yayanki

Arba wa Nus,
Alƙahira.

Zuwa ga 'yata Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yar da ta rage masa. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin mota da na mutum, amin.

Kin san ban iya rubutu ba, ban taɓa zama gaban allo ko benci ba. Malam Isuhu ne ke rubutawa a bayan kantin littattafansa na unguwar Darrasa, ni ina faɗa. Ya ce a yi da Larabci tunda shi kika fi saurin karantawa. Na ce a'a, da Hausa na yi ɓarnar, da Hausa zan faɗe ta. Ya kuma ce in taƙaita, masu saye na jira. Na ce su jira, waɗanda suka rubuta littattafan nan sun daɗe a kabari, ba sauri suke yi ba.

Gobe za ki ɗauki jakarki ki koma Giza, gidan Malama Rifkatu, inda Kiristocin nan ke kula da yaran titi, ki zauna can kina aiki. Yau kwana tara ba mu yi magana ba, ga mu a ɗaki ɗaya. Ki ajiye mini shayi, in sha, ba mai kallon wani. Ni na jawo. Na rantse cewa ranar da kika kwana a gidan Kiristocin ba ni ba ke, ko kan gawata kada ki tsaya. Kan rantsuwar nan nake rubuto miki. Amma sai na bi ta hanyar da ta kawo ni gare ta tukuna, kin san halina, ba na fara labari daga ƙarshe.

Mutanenmu na nan sun san ni da abu biyu. Ni ke wanke gawar mazanmu, ni ke riƙe da sunaye. Tun daga kakana da ya taso daga ƙasar Gobir a ƙafa da niyyar Makka ya ƙare a gonar auduga a Sudan, na san wa ya haifi wa, wa ke kwance a garin Gadarif na Sudan, wa ke kwance a nan cikin yashin Masar. In an yi rasuwa, bayan addu'a sai a ce, Jibo, karanto mana. In karanto su a jere ba tuntuɓe. Suna ɗaya ne bai taɓa fita daga bakina ba, kin kuma san shi.

Na haura hamsin kafin Allah ya ba ni haihuwa. Da uwarku Hauwa ta haifi yayanki a Gadarif, na aika aka kira wani tsohon wanzami, hannunsa har rawa yake yi, shi kaɗai ya rage mai yin zanen Gobirawa, irin wanda ke fuskata daga gefen baki zuwa kunne. Uwarku tana jego ta rarrafo ta riƙe ƙafata. Ta ce, "Malam, an daina abin nan. Dubi 'ya'yan unguwa, wa ke da shi? Kai za ka tafi ka bar shi da fuskar nan cikin mutanen da ba su san ma'anarta ba." Na ce mata, "In ya ɓace a duniya, da ita za a gane shi." Na janye ƙafata. Aka yi.

Da muka ƙaura zuwa Masar yana ɗan shekara tara, yaran unguwa suka sa masa suna Shakbaɗa, wato zanen banzan da yaro ke yi a bango da gawayi. A makaranta haka, a layin burodi haka, cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, manya ma sai sun leƙa fuskarsa. Kullum ya dawo da riga a yage. Ni kuwa abin da nake ce masa ɗaya ne: fuskar kakanninka ce, ɗaga kai. Bayan rasuwar uwarku na kai shi wurin wani kafinta. Ran nan, yana ɗan sha biyar, ya dawo da rana tsaka kumatunsa duk jini. Takardar yashin da suke goge katako da ita ya sa ya dirje fuskarsa. Kina nan, kina tsintar shinkafa. Ban tambaye shi zafi ba, ban nemo ruwa ba. Na mare shi a kan ciwon, na ce wanda ba ya son fuskar ubansa ya je ya nemi wani uban. Ya dube ni, ya sa takalmi, ya fita. Shekarar da gari ya rikice ce, mutane sun cika dandalin Tahrir, kowa na ta kansa, ba mai lura da yaro ɗaya da bai koma gida ba.

To ki ji, Ramatu. Yaran da za ki tarar can, kowannensu yana ɗauke da abin da wani babba ya ɗora masa ba da shawararsa ba. Wani a fuska, wani a baya, wani inda ido ba ya gani. In yaro ya zo miki da jini, ki fara wanke jinin. Tambayar yadda aka yi ta jira sai ya ci abinci. Kuma in ranki ya ɓaci, ki fita tsakar gida ki sha ruwa kafin ki buɗe baki. Marin da na yi masa da ya warke a kwana uku. Maganar ce ta fitar da shi.

Laifina na biyu ya fi wannan tsufa. Yayanki ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina na sa masa. Kunya biyu ke nan. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Haka ubana ya yi mini, ban kuma mutu ba. Ke ina kiranki Ramatu safe da yamma, ina goya ki a wuya zuwa kasuwa. Shi kuwa "kai" ne, ko "wancan". Uwarku ta taɓa ce mini, "Malam, kai da ubanka ya yi maka kunya, kana da kaka, kana da baffanni huɗu, kowa na jan ka jikinsa. Shi a nan wa yake da shi? Ɗaki ɗaya ne, mu huɗu. In kai ba ka kira shi ba, ba namijin da zai kira shi." Na ce mace ba ta koya mini al'ada. Gaskiyarta ce. Na ɗauko kunyar daga gida, ban ɗauko baffannin ba.

Ba ki san na neme shi ba. Kowace Juma'a in na ce miki zan je Darrasa wurin Malam Isuhu, rabi ƙarya ce. Ƙarƙashin gadoji nake bi, da bakin tashar Ramsis, ina tambayar yara, kun ga mai irin fuskata? Wata Juma'a na hango shi. Yana tsakanin motoci da ƙullin hankicin takarda yana sayarwa, ya rame, ya yi tsawo, wandon ya ɗage masa. Tsakaninmu bai fi daga ƙofarmu zuwa famfon unguwa ba. Na buɗe baki, Ramatu. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Kai!" Yara wajen goma suka waiwayo, kowa na tsammani da shi nake. Shi bai waiwayo ba. Fitila ta ba da hannu, motoci suka taso, kafin su wuce ba shi.

Malam Isuhu ya ce in tsaya in sha ruwa. Na sha.

Ki kira su da sunayensu. Na san titi yana ba kowa laƙabi, wani ma ya manta na yanka. Kada ki matsa, amma ranar da yaro ya yarda ya gaya miki sunan da uwarsa ta san shi da shi, ki riƙe shi kamar yadda nake riƙe na matattu, ki kira shi da ƙarfi a gaban kowa, lokacin cin abinci, lokacin da bai yi laifin komai ba. Kada ki bari sai za ki yi faɗa.

Yanzu na zo inda nake gudu. Abin da na gaya miki shekara biyu da suka wuce shi ne, an aiko mini bayan yayanki ya cika. Ƙarya na yi miki.

Cikin sanyin shekarar, ina zaune bakin ginin da nake gadi a unguwar Madinat Nasr, wata mace baƙa mai kamar shekara hamsin ta tsaya a gabana, ta rusuna.

"Sannu Baba. Ba sai na tambaya ba, fuskarka ta gaya mini."

"Ke wace ce?"

"Rifkatu, daga wajen Jos. Cocinmu ne ya turo ni nan. Kirista ce ni, gara ka ji a bakina tun yanzu. Ɗanka yana wurinmu, tarin fuka ya ci ƙirjinsa."

Ta ce wata biyu yana zuwa yana tafiya, kamar sauran, ba ta san Bahaushe ne ba sai da zazzaɓi ya kwantar da shi ta ji yana cewa Inna, ruwa. Ta duba ƙarƙashin tabon ta ga sauran zanen. Kwana huɗu ta yi tana yawo a Darrasa tana tambayar ɗalibai Hausawa ko sun san wani tsoho Bagobiri. Kin ga, maganar da na gaya wa uwarku ta tabbata, da fuskar aka gane shi. Allah ya ba ni gaskiyata a ranar da ba ta da amfani.

Sai ta ce, "Baba, yaya sunansa? Shakbaɗa kawai muka sani, ni kuwa ba na son kiransa haka. Na tambaye shi, ya ce ku tambayi babana, shi ke riƙe da sunan kowa."

Na ce, "Ɗan fari ne."

"Ni ma ina da ɗan fari, Baba, na san kunyar. Amma nan Masar ne, wa zai yi maka dariya?"

Na ce, "Ni zan sani."

Ta ce to yalla, mu je ka gan shi.

Na bi ta, mikrobas, jirgin metro, wani mikrobas. Kin san ƙofar, shuɗiya, da 'yar alamar gicciye a sama wadda ba ta kai tafin hannuna ba. Ta shiga, ta riƙe mini ƙofa. Na tsaya. Na ce a fito mini da shi. Ta ce likita ya hana a ɗaga shi cikin sanyin nan. Na ce ni Jibo ban taɓa sunkuyawa ƙarƙashin alamar nan ba, ba kuma yau zan fara ba. Na ƙetare titi na zauna a wurin mai shayin da ke kallon gidan.

Kwana uku na yi ina zuwa. In zo da hantsi, in zauna kan kujera ɗaya, in tashi da la'asar. Mai shayin Musulmi ne ɗan Masar, a rana ta biyu ya ajiye mini kofi ya ce, "Ya Hajj, gicciyen nan katako ne fa. Ni kullum ina shiga in kai musu shayi, ga ni ban narke ba." Na ce ya kula da butarsa. A rana ta uku na dama kunu da hannuna na kawo cikin kwano, na ba Malama Rifkatu. Ta dawo tana dariya tana share ido. Ta ce, "Ya sha cokali biyu. Ya ce tsamiya ta yi yawa, ya san kai ka dama." Na ce ya tambaye ni? Ta ce, "Ya ce ka shigo, Baba." Na ce gobe.

Na daɗe ina cewa tsoron Allah ne ya tsayar da ni. Malam Isuhu da ya yi karatu ya gaya mini tun lokacin ba inda addini ya hana uba shiga gida ya duba ɗansa. Abin da nake tsoro shi ne a ce a Arba wa Nus, mai wankan gawarmu an gan shi yana fita daga gidan Kiristoci. Bakin mutane na ji, Ramatu. Mutanen ma ko ɗaya bai biyo ta titin ba.

Da na zo a rana ta huɗu, Malama Rifkatu tana tsaye a waje ba takalmi. Ina ganinta na gane ya cika. Daga baya ta gaya mini sun juya gadonsa ya fuskanci alƙibla, sun kira Ammu Sayyid mai dafa musu abinci, Musulmi, ya zauna kusa da shi yana tuna masa kalmar shahada har ya cika. Ba su taɓa gawar ba. Ta ce, "Mun ji kai ne mai wankan, mun bar maka." Su suka ɗauko shi suka ƙetaro da shi ƙofar da ni na kasa ƙetarawa. Na wanke shi a masallacin unguwar. Na wanke mutane da yawa, ban taɓa ɗaga wanda ya kai shi rashin nauyi ba. Ƙafafunsa fes, an yanke masa farce, an shafa masa mai. Takardun hukuma Malam Isuhu ya cika, ni ko a nan ban faɗi sunan ba.

Da ke ma kin gan shi da rai. Kwana huɗu na sani ban gaya miki ba, don na san za ki shige ta gabana ki bar ni a titi. Wannan haƙƙinki ne na ci, ba na da abin biya. Malama Rifkatu ba ta taɓa tona ni ba, na sani, don da ta faɗa da na gani a idonki. Shekara guda kina zuwa gidan a ɓoye kina taya su wanki da girki, tana kallonki, tana riƙe da asirin tsohon da ko godiya bai yi mata ba. Da kika ce za ki koma can da zama, na ce za su raba ki da addininki, na yi ta kumfar baki. Wanda suka juya wa gado zuwa alƙibla fa? Tsorona kada wata rana mai shayin nan ya nuna miki kujerar. Shi ya sa na rantse.

Rantsuwar na warware ta. Na tambayi Malam Isuhu kaffara, ba ni da halin ciyarwa, na yi azumi uku. Shi ya sa kika ga shayin safe yana hucewa a inda kika ajiye, kika zaci fushi ne. Ki tafi, na yarda, na sa miki albarka. In kuma bayan kin karanta wannan ke ce ba ki son ganina, ba zan ce kin yi laifi ba.

Saura 'yan abubuwa, ki yi haƙuri da tsoho. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, a fili, ba ɓoyo ba gadara. Su ma in sun shiga addu'arsu ki rage murya. Kada ki yi gardamar addini a kan kwanon abinci. Malama Rifkatu ki gaishe ta a durƙushe kamar yadda za ki gaida uwarki, in ta yi miki faɗa ki ce to.

A kwana ukun da na yi wurin mai shayi na ga yadda suke aiki, tunda ba abin da nake yi sai kallo. Ba sa kulle ƙofa da rana. Yaro ya shigo, a zaunar da shi a wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi, a ba shi ful, dafaffen waken nan nasu, da burodi, a ba shi ɗan akwati da makulli ya rataya a wuya. In ya ga dama da yamma ya koma titi wurin sholishonsa, ba mai riƙe shi. Na ce wa mai shayi wannan ai sakarci ne, a kulle su mana su shiryu. Ya ce wanda aka kulle sau ɗaya ba ya sake zuwa. Ke jinina ce, akwai taurin kai, za ki so ki riƙe su da ƙarfi. Kada ki riƙe. Wanda kika fi so shi zai tafi da takalminki ya yi wata biyu. Ranar da ya dawo ki ce masa sannu da zuwa, ki ɗora ruwa. Kuma kada ki nemi yayanki a fuskokinsu, ba shi ba ne, kowanne ɗan wani ne daban. A metro ki shiga taragon mata. Ki rufe ƙirjinki in sanyi ya shigo, masu tari suna da yawa a gidan. Bargon uwarki na sa miki a ƙasan jaka.

Kin san allon da ke jikin bangon tsakar gidansu, inda suke rubuta sunayen yaran da suka rasu a hannunsu. Ni ban gan shi ba, ranar jana'iza Malama Rifkatu ta ba ni labari. Ta ce ta bar layi ɗaya ba rubutu. Ta ce, "Na ga sunan a takardar hukuma, Baba, amma ya ce kai za a tambaya. Ina jira." Na san ke ma kin ga layin, ba ki kuma faɗa mata sunan ba.

Ki gaya mata Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci ina tafe. Kada ta fito tarye ni, kada ta riƙe mini ƙofa, na san hanya. Ki gaya wa mai shayi ya ba wani kujerar. Zan shiga, in tsaya gaban allon, in faɗa da bakina ta rubuta. Kada ki riga ni.

Amma na wanke waɗanda suka ce Juma'a mai zuwa da yawa, ni ma na taɓa cewa gobe. Saboda haka in Allah bai kai ni ba, ki nuna mata ƙarshen takardar nan, ki ce daga bakina ya fito, Malam Isuhu ne shaida.

Ya ɗaga alƙalami yana jirana. Ya ce ma'alish, ba komai, Jibo, a hankali.

Bawa.

Bawa ɗan Jibo, ɗan Bawa, ɗan Nomau wanda ya taso daga Gobir a ƙafa. An haife shi a Gadarif, yana kwance a Masar. Ɗana ne na fari.

Malam ya ce ya rubuta. Na ce ya sake rubutawa, don in sake faɗa. Bawa.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan uwarku. Ke kuma Allah ya kai ki lafiya, ya kwanar da ke lafiya a gidan da za ki, ya tsare ki daga cuta da sharrin titi, ya sa hannunki ya zama sanyi ga 'ya'yan mutane. Ya saka wa Malama Rifkatu da alheri. Ya ba ki ikon yafe mini, in ba yau ba, wata rana. Amin.

Ni ne ubanki,
Jibo.